Yadda Ake Gane Kaska da Danginta da Sunayensu na Ilimi, Daga Jikin Saniya Zuwa Kwalba

Bahaushe ya yi wa kaska kirari da "raɓi mai jini", kuma da wannan suna guda ɗaya muke kiran duk wadda muka cire daga jikin saniya, ko kunnen kare, ko ƙarƙashin fiffiken kaza. A wajen hira sunan ya wadatar. A wajen magani kuwa bai isa ba, domin wadda ke kawo fitsarin jini daban take da wadda ke buɗe wa kirci ƙofa, rayuwarsu daban, lokacin yawansu daban, kuma feshin da zai gama da ɗaya yana iya barin ɗayar tana nan daram. Na sha ganin makiyayi ya ƙarar da kuɗin ɗan maraƙi a kan magani, ba don maganin jabu ne ba, sai don ba a san wace kaska ake yaƙa ba. Kalmomin da masana ke amfani da su ba su kai yadda ake jin tsoronsu ba. Yawancinsu Latinanci ne da Girkanci, kuma idan aka fasa su za a tarar suna faɗin abin da ido ke gani ne kawai: garkuwa, ƙaramin kai, idon gilashi, mai son shanu. Ga yadda ake bi, tun daga kama dabba har zuwa rubuta suna.

Mataki na farko: san gidan da ta fito

Kaska ba 'yar gidan ƙuda da sauro da ƙuma ba ce. Waɗannan ƙafa shida gare su, da jiki mai kashi uku, da 'yan gashin sansano a ka. Kaska 'yar'uwar gizo-gizo da kunama ce, ajin da ake kira Arachnida, daga sunan gizo-gizo a Girkanci. A cikin wannan aji akwai rukunin Acari, wanda asalin kalmarsa ke nufin abin da ya yi ƙanƙanta har ba ya yankuwa. A nan kaska take, tare da dubban ƙananan halittu waɗanda ba mu da suna ɗaya da ya tattara su a Hausa, sai dai mu kira su da ɓarnarsu: ƙwayar ƙazuwa, jan ƙwaron akurki, abin da ke ƙona ganyen tumatir. A wannan rubutu zan riƙa ce musu ƙananan akari. Ilimin nazarinsu shi ne akaroloji, maganin da ke kashe su kuma akarisaid. Ka riƙe wannan kalma ta ƙarshe, domin ita za ka nema a jikin kwalba, ba "maganin ƙwari" kawai ba.

Nau'in kaska a duniya ya kai wajen 900. Kusan duka sun kasu gida biyu: Ixodidae, masu taurin baya, da Argasidae, masu taushin jiki. Duk inda ka ga suna ya ƙare da "idae", sunan dangi ne. Shi kuwa Ixodidae daga kalmar Girkanci ta danƙon kama tsuntsu ya fito, kuma duk wanda ya taɓa jan kaska daga hantsar saniya ya san sunan ya dace.

Mataki na biyu: haɗa kayan aiki

Ba su da yawa. Hantsaki mai siririn baki, safar hannu, ƙananan kwalabe masu murfi, sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, fensir da farar takarda, farin faranti ko murfin roba, da gilashin ƙara girma irin wanda masu gyaran waya da agogo ke amfani da shi. Wanda ke ƙara girma sau goma ya isa. Wayarka ma kayan aiki ce: idan ka ɗora kyamararta a kan gilashin za ka sami hoton da likitan dabbobi zai iya dubawa daga nesa.

Fensir na ce, ba biro ba. Takardar bayani a cikin kwalbar ake jefa ta, kuma sifirit yana wanke tawada tas.

Mataki na uku: duba inda take maƙalewa

A kama dabbar da sassafe kafin a sake su kiwo, a ɗaure ta sosai, a sami mai riƙe kai. Ka fara daga kunne, ciki da waje, ka gangaro wuya da fatar da ke reto a ƙarƙashinsa, hammata, ciki, hantsa ko maraina, matsematsi, ƙarƙashin wutsiya, gashin bakin wutsiya, sannan tsakanin kofato. Da hannu ake nema fiye da ido, a riƙa shafawa ana tayar da gashi.

Wurin da ka same ta rabin amsa ne, don haka kada ka zuba duka a kwalba ɗaya. Sunayen da ke tafe na ire-iren kaska ne, bayaninsu yana mataki na takwas. Ta hantsa da hammata da ƙirji galibi Amblyomma ce. Ta gefen dubura da bakin wutsiya da tsakanin kofato a fi zargin Hyalomma. Ƙanana masu yawa, masu launin toka-toka da shuɗi-shuɗi, da suka bazu a wuya da kafaɗa da haƙarƙari, waɗannan Boophilus ne. Idan kana so ka san yawan kaskar da ke jikin dabba, ƙirga gefe ɗaya ka ninka biyu, haka ma'aikata ke yi.

Mataki na huɗu: cire ta da bakinta

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne haɗarin yake. Sa safar hannu. Kama kaskar da hantsaki dab da fata, a wajen baki, ba a tumbinta ba. Ja a hankali, a miƙe, ba fizga ba murɗawa, har ta saki. Idan bakin ya karye ya zauna a cikin fata ka yi asara biyu: wurin zai iya yin ƙurji, kuma ka rasa ɓangaren da ake gane ta da shi. Ka shafa maganin ciwo a wurin.

Kada a ƙona ta da ashana, kada a shafa mata kananzir ko man shafawa don ta faɗo da kanta. Wannan yana sa ta daɗe a maƙale tana zuba yawu a jiki, kuma ta yawun cuta ke shiga. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar murtsuke ta tsakanin farce biyu, wadda yara a ruga suke yi kamar wasa. Hyalomma tana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Kirimiya da Kwango, mai sa zubar jini, wanda aka fara bayyanawa a Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayarsa a Kwango a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kwantar. Dabbar ba ta nuna alamar komai, mutum ne ke kwanciya, kuma an tabbatar ƙwayar tana nan a Najeriya da Sanagal da Muritaniya da Sudan. Makiyayi da mahauci su ne a gaba. Wadda ba za a ajiye ba a jefa ta wuta ko cikin sifirit, ba a yar da ita ƙasa ba, domin macen da ta ƙoshi idan ta faɗi ƙwai za ta je ta zuba.

Mataki na biyar: ƙirga ƙafafu

Zuba abin da ka samo a farin faranti ka ɗauko gilashi. Mai ƙafa shida, ƙarama kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, ita ce larva, matakin farko bayan ƙyanƙyasa. Mutane da yawa suna ɗaukarta wani ƙwaro ne daban. Mai ƙafa takwas amma ƙarama, wadda ba ta da ƙofar haihuwa a cikinta, ita ce nympha. Mai ƙafa takwas da ƙofar haihuwa tsakanin ƙafafun gaba ita ce babba. Mai taurin baya, a kowane mataki sai ta sha jini sau ɗaya, ta saɓule fata, sannan ta shiga na gaba. Ga mai koyo, a bar ƙananan a kwalba a kai wa masana. Da manya ake fara gane jinsi, wato wace irin kaska ce, kuma namiji ya fi sauƙi, saboda jikinsa ba ya kumbura har kamanninsa su ɓace.

Mataki na shida: koyi sassan jiki

A nan zan daɗe, domin idan waɗannan kalmomi suka zauna, sauran aikin duba ne kawai.

Abin da muke ce wa kan kaska ba kai ba ne na gaskiya, ba ƙwaƙwalwa a ciki, ba ido. Kayan baki ne kawai, ana kiransa capitulum, wato ƙaramin kai. Gindinsa da ya haɗu da jiki shi ne basis capituli, kuma siffarsa tana da muhimmanci: wani mai kusurwa huɗu ne, wani shida. A tsakiya akwai hypostome, ma'anarsa abin da ke ƙarƙashin baki, wani ɗan tsinke mai jerin haƙora da suka juya baya kamar ƙugiyar kamun kifi. Shi ya sa take shiga da sauƙi ta ƙi fita. A samansa akwai chelicerae guda biyu, su ne wuƙaƙen da ke tsaga fata. A gefe da gefe akwai palpi, 'yan yatsun laluba, waɗanda ba sa shiga fata, buɗewa suke yi su kwanta a kanta. Bayan haƙoran, yawancin masu taurin baya suna fitar da wani abu daga yawunsu da ke daskarewa kamar siminti ya riƙe bakin, kuma yawun yana hana jini daskarewa, yana kashe zafin cizon. Dalilin da ya sa mutum zai kwana uku da kaska a matsematsinsa bai sani ba ke nan.

Sauran jikin, buhun da ke cika da jini, shi ne idiosoma. A bayansa akwai scutum, kalmar Latinanci ta garkuwa. Da ita ake raba mace da namiji cikin daƙiƙa ɗaya: garkuwar namiji ta rufe bayansa duka, ta mace kuwa ta tsaya a gaba kamar ɗan ƙaramin mayafi, don sauran jikin ya sami damar kumbura. Mace takan ninka nauyinta sau ɗari ko fiye idan ta ƙoshi. Idanu, ga masu su, a gefen garkuwar suke, daidai ƙafa ta biyu. A bakin jiki ta baya za ka ga wasu 'yan yanka-yanka a jere kamar adon bakin tabarma, su ne festun, yawanci goma sha ɗaya. Bayan ƙafa ta huɗu akwai ƙofar numfashi a kowane gefe. A ƙarshen ƙafafun gaba kuma akwai wani ɗan rami da ake kira gaɓar Haller, da sunan masanin da ya bayyana shi a ƙarni na 19. Da shi take jin warin dabba da numfashinta da ɗuminta. Idan ka ga ƙananan kaska sun hau kan ciyawa sun ɗaga ƙafafun gaba suna kaɗawa, hancinsu suka miƙa, suna jiran mai wucewa.

Mataki na bakwai: mai tauri ko mai taushi

Dubi bayanta. Idan akwai garkuwa, kuma bakin ya fito gaba ana ganinsa daga sama, Ixodidae ce. Idan babu garkuwa, jikin kamar tsohuwar fata mai ƙuraje-ƙuraje, bakin kuma ya ɓuya a ƙarƙashi, Argasidae ce. Wadda ta fi shafarmu a cikin masu taushi ita ce Argas persicus, kaskar kaji. Da rana tana cikin tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon icen da kaji ke kwana a kai, da dare ta fito ta sha jini cikin ƙasa da awa ɗaya ko biyu ta koma. Ƙananan ne kawai ke maƙalewa kwanaki a ƙarƙashin fiffike. Tana iya yin shekaru ba ta ci ba, shi ya sa akurkin da aka bari fanko yake kama sababbin kaji. Wannan ba a jikin kaza ake yaƙarta ba, a bango ne: a toshe tsaga, a shafe, a yi feshi a lungu.

Mataki na takwas: fitar da jinsi

Tambayoyi huɗu za ka yi. Bakin dogo ne ko gajere? Garkuwar tana da ado ko babu? Ƙafafun suna da zobba? Akwai festun?

Dogon baki, garkuwa mai ado da ruwan lemo da ja da ɗan kore a gefe, ƙafafu masu zobba: Amblyomma variegatum. Amblyomma na nufin dusasshen ido, variegatum kuma mai launi-launi. Namijinta yana da kyau ƙwarai, har yara kan ɗauke shi suna kallo, amma a ganina babu kaskar da ta kai ta ɓarna a garken ƙasar nan. Dogon bakinta yana huda hantsa ya bar miki, har saniya ta rasa kan nono. Ita ke ɗauke da Ehrlichia ruminantium, ƙwayar cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya, wadda ke sa tunkiya ko akuya ta riƙa zagaye, ta faɗi tana shure-shure. Kuma inda ta yi yawa, kirci yana tsananta, saboda yawunta yana raunana garkuwar jikin dabba.

Dogon baki, garkuwa baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu ba ado, dogayen ƙafafu masu zobba, idanu ƙulu-ƙulu masu sheƙi: Hyalomma, wato idon gilashi. Ba ta jira a ciyawa, bin dabba take yi da gudu a ƙasa. Ita ce kaskar ƙasa mai fari, ta yi yawa a can ƙuryar arewa da kuma Nijar, kuma Hyalomma dromedarii, kamar yadda sunan ya nuna, ta raƙumi ce.

Gajeren baki, gindin baki mai kusurwa shida, launin ƙasa, da festun: Rhipicephalus, ma'anarsa kai mai kamar mafici. Ta kare ita ce Rhipicephalus sanguineus, wadda ke hawa bangon ɗaki ta ɓuya a tsaga. Akwai kuma Rhipicephalus evertsi mai jajayen ƙafafu, a ƙarƙashin wutsiya.

Baki gajere ƙwarai, ƙafafu farare-farare marasa ƙarfi, babu festun, mace ta kumbura ta yi shuɗi-shuɗi: Boophilus, mai son shanu. Tun farkon shekarun 2000 masana suka mayar da ita ƙarƙashin Rhipicephalus, don haka za ka ga sunayen biyu a littattafai, abu ɗaya ne. Ita ke kawo ƙwayoyin cuta biyu: Babesia, mai fasa ƙwayoyin jini har fitsari ya koma ja, da Anaplasma, mai sa rama da ɗorawar ido. A kanta ne Theobald Smith da Fred Kilborne suka nuna a Amurka a 1893 cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin shanun Texas, karo na farko da aka tabbatar irin waɗannan halittu suna ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba. Akwai wata baƙuwa a cikinsu, Rhipicephalus microplus, 'yar asalin Asiya, wadda ta shigo Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka kawo daga Brazil, aka gano ta a Kwaddibuwa a 2007, ta bazu Benin da maƙwabta har Najeriya. Ta yi suna wajen jure magani. Ido ba ya raba ta da tamu ta gida, sai an duba jerin haƙoran hypostome da wasu sassan jikinta a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike. Idan ka yi feshi yadda ya kamata ka ga shuɗɗan kaska ba su ragu ba, wannan ne lokacin kai kwalba.

Mataki na tara: fassara sunan zuwa aiki

Masana suna raba kaska da yawan masaukinta. Boophilus mai masauki ɗaya ce: tun tana larva har ta zama babba tana kan saniya guda, kimanin mako uku, sannan macen ta faɗi ta zuba ƙwai. Saboda haka magani yana samunta cikin sauƙi, feshi duk bayan mako uku yana yanke zuriyarta, amma saboda haka ne kuma take saurin sabawa da magani. Amblyomma mai masauki uku ce: kowane mataki ta sha jini ta faɗi ƙasa, ta nemi wata dabbar, ƙananan ma har a jikin tsuntsaye da ƙananan namun daji. Yawancin rayuwarta a ƙasa take. Manyanta da damina suke fitowa, tun daga ruwan farko, mazan su riga maƙalewa su fitar da wani wari da ke kiran matan, kuma mace ɗaya tana zuba ƙwai sama da dubu goma. Ke nan wanda ya tsince mazan a makonnin farko na damina ya rage wa kansa aiki mai yawa. Masu bincike a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso sun lura da wani abu mai amfani: a wajen kiwo tsakanin kofato take fara kamawa, sai dabba ta kwanta da dare take hawa hantsa da ƙirji. Daga nan aka fito da kwamin wanke ƙafa, shanu su ratsa ruwan magani da yamma idan sun dawo, da magani kaɗan.

Kalmomi biyu kuma za ka ci karo da su. Cutar da kaska ta ɗauka tana ƙarama ta riƙe har ta girma, ana cewa ta bi mataki, transstadial a littafi. Wadda ke ratsawa ta cikin ƙwai zuwa 'ya'ya, transovarial. Babesia tana bin ƙwai, shi ya sa wurin kiwo yakan zama mai cuta ko bayan an kwashe shanun.

A kan magani, ka karanta sunan sinadarin, ba sunan kamfani ba: amitraz gida ɗaya ne, cypermethrin da deltamethrin da flumethrin gida ɗaya, ivermectin wani gidan. Sauya kwalba a cikin gida ɗaya ba sauyi ba ne. A auna ruwa da magani yadda aka rubuta, domin tsarma shi da yawa don ya isa garke shi ke koya wa kaska jurewa. Kada a sa wa doki ko jaki amitraz, kada a sa wa kyanwa permethrin, yana kashe su. Kuma ba a neman a ga Bunaji babu kaska ko ɗaya. Maraƙin gida da ya haɗu da 'yan kaɗan tun yana ƙarami yana samun kariya daga fitsarin jini. Shanun waje da ruwa-biyu su ne ba sa ɗaukar wasa.

Mataki na goma: ƙananan akari, waɗanda sai an kankaro

Waɗannan ba a tsince su da hantsaki. Ƙwayar ƙazuwa, Sarcoptes scabiei, ba ta kai rabin milimita ba. Sarcoptes na nufin mai yankan nama, scabiei daga kalmar susa. Macen tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai biyu zuwa uku a rana. Tun 1687 wasu 'yan Italiya biyu, Bonomo da Cestoni, suka nuna ita ce sanadin cutar.

Idan akuya ko raƙumi ko kare yana susa ba dare ba rana, gashi yana zuba, fata ta yi kauri ta yi saɓa, a nemi gefen ciwon, inda ya haɗu da lafiyayyar fata. A ɗiga ɗan man farafin, a matse fatar tsakanin yatsu biyu, a kankara da sabuwar reza a kwance har jini ya fara tsattsafowa kaɗan. A tara abin da ya fito a kwalba busasshiya, daga wuri biyu ko uku. A ɗakin bincike za su narka shi da sinadarin potash mai ƙarfin kashi 10 su duba. Amfanin wannan wahala shi ne raba abubuwa uku da ke kama da juna daga nesa: ƙazuwa, wadda akari ne, kirci, wanda bakteriya ce mai suna Dermatophilus congolensis, gashi ya haɗe ya miƙe kamar bakin burushi, da makero, wanda naman gwari ne mai yin da'ira. Allurar ivermectin tana kashe ƙazuwa, ba ta taɓa kirci. Kuma ba ta kashe ƙwai, sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Idan ka ga ƙulle-ƙulle a fatar saniya waɗanda ke fitar da abu mai kauri idan an matsa, a zargi Demodex, mai siffar tsutsa da ke zaune a ramin gashi, mai lalata fata a wajen majema.

A jikin mutum, alamar ƙazuwa ƙaiƙayi ne da ke tsananta da dare, tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu, hammata. Abin mamaki, ƙwayoyin da ke jikin mai ita yawanci ba su wuce 10 zuwa 15 ba, jiki ne ke tayar da hankali a kansu, kuma a karon farko ƙaiƙayin yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya bayyana. Ma'ana wanda bai fara susa ba yana iya kasancewa yana ɗauke da ita. Don haka ake yi wa duk 'yan ɗaki magani rana ɗaya, a shafa man permethrin mai kashi 5 ko benzyl benzoate daga wuya har tafin ƙafa bisa umarnin ma'aikacin lafiya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana. Ba cutar ƙazamai ba ce kamar yadda ake gori, cutar cunkoso ce, kuma yaran da ke kwana da yawa a kan tabarma ɗaya ba laifinsu ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Jan ƙwaron akurki kuwa, gwajinsa farin ƙyalle ne. Da dare ka shafa shi a ƙarƙashin sandar da kaji ke kwana. Idan ya fito da jan zane-zane, Dermanyssus gallinae ne, mai huda fatar kaza, wanda ke kammala rayuwarsa cikin mako guda idan ana zafi. Kazar da ke kwanci ta gudu ta bar ƙwai, sau da yawa shi ne. Ƙafar kaza da ta yi kauri, ɓawonta ya tashi fari, aikin Knemidocoptes ne, kuma shafa man jelly a kai a kai yana toshe masa numfashi. Manomin rani shi ma yana da nasa: jan Tetranychus a bayan ganyen tumatir, da 'yar saƙa kamar ta gizo. Girgiza ganyen a kan farar takarda, za ka ga ɗigo-ɗigo suna tafiya.

Mataki na ƙarshe: rubuta, ka kai

Sunan ilimi kalma biyu ne, tsarin da masani Linnaeus ɗan ƙasar Sweden ya kafa wa dabbobi a 1758. Ta farko jinsi, da babban baƙi. Ta biyu nau'i, da ƙarami. Idan da hannu kake rubutu, ja layi a ƙarƙashinsu. Idan jinsin kawai ka gane, rubuta shi ka bi shi da "sp.", misali Hyalomma sp., wannan ya fi ka yi cinta.

A takardar da za ka jefa cikin kwalba ka rubuta kwanan wata, gari da ƙaramar hukuma, irin dabbar da shekarunta, wurin jikin da aka cire, maganin da aka yi na ƙarshe da ranar da aka yi shi. Sifirit ya rufe kaskar gaba ɗaya, kuma a ɗauki hoton Amblyomma kafin a jefa, domin adonta yana dusashewa. Idan gwajin jure magani ake so, da rai ake kai su: a zaɓi mata ƙosassu masu yawa, a sa a kwalba busasshiya mai murfin da aka huda ƙanana, da ɗan auduga mai laima, a ɓoye daga rana, a kai cikin kwana ɗaya ko biyu kafin su fara zuba ƙwai. Asibitin dabbobi na jiha shi ne ƙofar farko. Daga nan akan tura Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, ko tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Idan dabbar tana zazzaɓi ko fitsarinta ya sauya, a nemi likita ya ɗibi jini daga bakin kunne tun kafin a yi allura, a haɗa da kwalbar a tafi da su tare.